Atishawar Sarki Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani saurayi ne, Nomau, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Shekara bakwai yana yawon duniya, sai ran nan ya dawo ƙasarsu, Tudun Gawo. Ya tarar an sare tsamiyar bakin kasuwa. Jiragen fito duk an kife su a kan yashi, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Ya shiga gida, babu innarsa.

Maƙwabciya ta ce, "Ai innarka Tabawa tana ƙetare, ƙasar Kwarin Ɗinya. Ta je sayar da yaji aka rufe kogi. Bana shekara uku."

"Yaƙi aka yi?"

"Ina fa! Sarkinmu Barmo ne ya aika wa Sarki Jatau na ƙetare akushin zuma, aka dawo da akushi wayam, ko goro babu. Sai kowa ya rantse ba zai fara yi wa ɗan'uwansa magana ba. Mu ba kifi, su ba gero."

Sai Nomau ya tafi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, uwata nake so."

Barmo ya ce, "Kai ba ka nan aka rufe kogi, je ka abinka. Amma ita ba ta shigowa sai Jatau ya fara yi mini magana."

Sai Nomau ya yi iyo ya ƙetare, ya je fadar Jatau. "Allah ya ja zamaninka, uwata nake so."

Jatau ya ce, "Ba ta fita sai Barmo ya fara. Damina biyu na ba shi, yaron nan!"

Sai ya nemi innarsa, ya same ta tana dakan barkono. "Inna, na dawo." Ta juya masa baya. Shekara bakwai ko saƙon gaisuwa babu! Ya durƙusa, ya yi magiya, ko tari ba ta yi ba. Can barkono ya shige masa hanci. Atisha! "Alhamdu lillahi."

"Yarhamukallahu," in ji ta. Sai ta kama baki. "Ɗan nema, ka sa na yi magana!"

Nomau ya yi tsalle. "Inna, ƙulla mini barkonon nan."

Ya je ya ce wa kowane sarki, "Ka zo tsibirin tsakiyar kogi ranar Laraba, duniya ta ga ba kai za ka fara ba." Kowa ya ce ai ko yanzu.

Laraba suka zo, suka zauna, kowa ya kumbura. Hantsi ya yi, shiru. Azahar ta kawo jiki, shiru. Sai Nomau ya zagaya ta inda iska ke tasowa, ya hura wuta, ya watsa barkono a garwashi.

Barmo ya daure, ya murza hanci, ya ƙara daurewa. Atisha! Har rawani ya karkace. "Alhamdu lillahi."

"Yarhamukallahu," in ji Jatau, kafin ya tuna.

Jama'a suka ɗauki sowa. Jatau ya ce, "Kai ka fara!"

"Da Ubangijina nake magana!"

"Ni ma hakki na sauke. Kuma zumarka rabinta ruwa ne, shi ya sa na mayar da akushi wayam!"

"Ruwa? To ɗanɗana ta bana ka ji."

Suna musu suna atishawa, har dariya ta ƙwace musu. Kafin la'asar an tura jirage ruwa, Tabawa ce a na farko, da turminta.

Kwana uku sai ta ga Nomau yana naɗe tabarma.

"Ina kuma, sarkin yawo?"

"Inna, an ce can arewa akwai wasu sarakuna biyu da ba sa ga-maciji."

Ta yi tsaki, ta jawo taɓarya. "Tsaya in daka maka mai zafi."

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Manya in suna gaba da juna, talakawa ke rasa fito. Ku dai kada ku rantse a kan fushi.