Jitar da Aka Ce Tana Mura

"Dogo, tsakaninka da Allah, jitar nan taka ba mura take yi ba?"

Tambayar da wata amarya ta jiyo ke nan tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Amma bari in faro muku daga tushe.

Akwai wani mutum da ake ce wa Injiniya. Ɗaki guda ya ware a gidansa, ya lilliƙe bango da soso, ya ajiye kwamfuta, yana naɗar sautin makaɗa. Ya iya aikinsa, ba ƙarya. Illarsa ɗaya, ya yarda da kunnuwansa fiye da kima. Kullum da safe sai ya tsaya gaban madubi ya sosa su da tsinken auduga yana cewa, "Waɗannan su ne jarina. Sauro ya yi tari a maƙwabta ina jin sa."

Dogo kuwa abokinsa ne tun na yarinta. Ya zo ne da jitar da ya gada wurin mahaifinsa, yana so a naɗi kiɗan da tsohon ya koya masa.

Injiniya ya kafa makirufo biyu, ɗaya a wajen wuyan jitar, ɗaya a wajen cikinta. In ka sa hedifon, na wuya ya zo maka a kunnen hagu, na ciki a kunnen dama, kamar makaɗin yana zaune gabanka.

Da ya zauna gyaran sauti sai ya ɓata rai. Dama tangaran. Hagu kuwa kamar an lulluɓe jitar da bargo.

Ya canza wayar makirufo, shiru. Ya mayar wa mai shago makirufo, ya yi masa tatas a gaban mutane, aka ba shi wani, shiru. Ya sa Dogo ya sake tsirkiya gaba ɗaya, shiru. Sai ya koma kwamfuta yana ta ƙara wa ɓangaren hagu kaifi, yau ya ƙara, gobe ya ƙara.

Dogo ya saurara a wayarsa ya runtse ido. "Injiniya, ni fa ji nake kamar ana wasa wuƙa. Ba ni hedifon ɗin in ji."

"Hedifon ɗina ba ya hawa kan kowa. Wayar taka ce ta tsufa, kai kuma kunnenka na jin kiran abinci ne kawai."

Ranar da ya yi zancen mura, ranar ya yanke hukunci. "Katakon wuyanta ya mutu. Rabu da ita ka sayi sabuwa."

Dogo ya daɗe yana shafa inda yatsun mahaifinsa suka cinye fenti. Can ya ce, "To. Gobe da yamma zan kai wa mai gwanjo."

Amarya, matar Injiniya, ta ajiye shayi ta fita, abin yana cin ta.

Ita ba ta san komai a kan sauti ba, amma ta san mijinta. Ta lura kwanan nan in ta kira shi daga hagu ba ya waigowa. Wayar da ya saba karawa a hagu ta koma dama. In ya kwanta a kan kunnen dama kuwa, ko kwano ya faɗi ba ya motsi.

Ta taɓa gwadawa. "Maigida, ko dai..."

"Ke da ko tashar rediyo ba kya iya kamowa? Jeki, Allah ya yi miki albarka."

Da safe tana goge ƙura a ɗakin aikin, ya zauna ya miƙa hannu ko kallonta bai yi ba. "Miƙo min hedifon."

Maimakon ta ba shi a hannu, sai ta zagayo ta bayansa ta ɗora masa a kai. A juye. Da gangan.

Yana danna kiɗan ya zabura har kujera ta kife. Duk kaifin nan da ya kwana yana tarawa ya dira a lafiyayyen kunnensa na dama.

"Innalillahi! Wane mugu ne ya taɓa min aiki?"

Ya fizge hedifon ya ga a juye yake. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. An sauya wa sautin gefe, amma bargon yana nan a kunnen hagu, bai gusa ba.

Ya kaɗa yatsu kusa da kunnen dama. Ya kaɗa kusa da na hagu. Ya sake kaɗawa. Ya saci kallon Amarya, ita kuwa ta duƙufa tana goge ƙafar tebur kamar ranta yana wurin.

"Ina zuwa," in ji shi. "Zan je sayen, wato, sayen waya."

Da azahar ya dawo ba waya, yana tafe yana dafe kai. "Wa ya ƙara wa firij murya? Ke kuma me ya sa kike tafiya da ƙarfi haka?"

Ya shiga ɗaki ya goge duk ƙarin da ya yi, ya saurari kiɗan yadda aka naɗe shi ranar farko. Ashe garau yake, hagu da dama. Sai ya dubi agogo, ya kwasa da gudu, takalmi ɗaya nasa ɗaya na matarsa.

Ya tarar da mai gwanjo yana ƙwanƙwasa jitar kamar mai zaɓen kankana.

"Dogo, kar ka sayar! Na gano matsalar. Toshewa ce a layin hagu."

"Wane layi?"

"Harkar ƙwararru ce, ba za ka gane ba. Ɗauko ta mu tafi."

A hanya ya biya ya ba mai shagon makirufo haƙuri, mutumin ya yi ta kallonsa kamar ya ga baƙo. Da suka iso gida kuma, da hannunsa ya ɗora wa Dogo hedifon. "Ji ka faɗa min. Kunne huɗu ya fi biyu."

Dogo ya ji kiɗan mahaifinsa ya share ido. Ya juyo ya ce, "Amarya, wai me kika ba mutumin nan yau?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni me na sani a harkar injiniyoyi?"

Ranar wanki tana zazzage aljihun wandon mijinta sai ga ƙwalbar maganin ɗigawa a kunne, da ɗan kan tsinken auduga da likita ya zaƙulo daga kunnensa, an naɗe shi a takarda. Ta toshe baki da gyale ta yi dariya har da hawaye. Ta mayar da ƙwalbar inda zai gan ta, audugar kuwa ta jefa a murhu.

Ta ce a ranta, ko mahaifiyarta ba za ta ji wannan ba. Ta ciki na ciki.

Darasi: Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka zargi jita, waya da mai shago, juya hedifon ka duba kanka, kuma kada ka raina shirun wanda ke zaune kusa da kai. Ku tura wa masu ji da kunnensu, amma ku faɗa musu ta gefen dama.