Inabin Bakin Tafki da Wuƙar Malam Dangana

Ku gyara zama, jama'a, yau akwai gardama. Wanda ya san ba ya jure musu gara ya ɗauki takalminsa tun yanzu.

A wani ƙauye na bakin tafki an yi wani manomi, Malam Dangana, mai garkar inabi. 'Ya'yan inabinsa ƙanana ne, ba kyan gani, amma in ka jefa ɗaya a baki sai ka lumshe ido. Zaƙi ya zo, ɗan tsami ya biyo baya, can ƙarshe wani gishiri-gishiri ya tsaya a harshe. Shekarar da ya rasu, tafki ya yi ambaliya ya cinye garkar. Ba a tsira da komai ba sai 'yan rassa da wuƙarsa ta aske inabi.

Matarsa, Iya Tasalla, ta tsufa har ido ya tafi. Ta tara 'ya'yanta, Shekarau da Jatau da autarsu Barmani, ta ce, "Ba na roƙon komai sai in sake ɗanɗana inabin mahaifinku kafin a kira ni. Wanda ya dawo min da shi, wuƙar nan tasa ce."

Don gudun ambaliya suka dasa rassan a bayan gida, cikin baƙar ƙasa, ga taki ga ruwa kamar ana kiwon rago. Inabi ya fito ɓul-ɓul. Iya ta tauna ɗaya, ta tofar, ta ce, "Wannan ai ruwa ne aka ƙulle a fata." Shekara ta tafi a banza, ita kuwa sai ƙara ramewa take, hankalin kowa ya tashi.

Shekarau ya tuna mahaifinsu da harshe yake zaɓen ƙasa. Ya bi gaɓar tafki yana dangwalar ƙasa yana lasa, masunta na cewa ya zautu. A kan wani tudu mai jan tsakuwa da ɓawon dodon-koɗi, inda ko gero ba ya yarda ya tsaya, ya lasa, ya buga tsalle, ya ce, "Wallahi ga ta!" Nan aka mai da dashen, ya kuwa kama.

Mazan suka kafa rumfar da inabin zai hau, amma ganye ya riƙa ƙonewa. Barmani ta yayyage tsohon zaninta, ta ɗaɗɗaura a sanduna, ta zauna tana kallon inda tsummokin ke kaɗawa. Ta gane iska mai sanyi na tasowa daga tafki da la'asar, rumfar kuwa ta ba ta baya. Ba ta shawarci kowa ba, ta rushe ta. Yayyenta suka zo suna kumfar baki, ta ce, "Yaya, ku yi faɗan kuna kafa gwafa. Ta nan za ta fuskanta." Iska ta ratsa, ganye ya miƙe shar.

Da 'ya'ya suka fara nuna, Jatau ya ɓoye guga, ya zauna a bakin rijiya ya hana ban ruwa. Kai, har ya tsinke rabin nonnan inabin ya zubar! Ganye ya yi laushi, Barmani ta fashe da kuka, Shekarau ya ci kwalarsa. Jatau ya ce, "Ko za ku yanka ni ba zan ba da guga ba. Baba ya ce inabi sai ya ji ƙishi yake tara zaƙi."

Ranar tsinka aka kai wa Iya nonon inabi guda a faifai, unguwa ta cika tsakar gida. Ta lalubi ƙwaya ɗaya, ta tauna. Sai hawaye, sai dariya, sai ta ɗaga murya ta ce, "Dangana!" Matar da tun ranar aurenta ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba! Mata suka rangaɗa guɗa, ta cinye nonon tas, ta ce a kawo tuwo.

Sannan ta zaro wuƙar daga ƙarƙashin tabarma ta miƙa, ta ji tafin hannu uku a gabanta. Hannunta ya tsaya.

Kada wani ya ce min hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na riga ku sani. Wuƙa ɗaya ce, tsohuwa kuma ta yi alkawari. To, mai lasar ƙasa, ko mai karanta iska, ko mai ɓoye guga, wa za ta damƙa wa?