Rumbun da Gara Ta Ci Ta Ƙasa

Akwai wani manomi wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona da rumbu ɗaya. A maƙwabta kuwa akwai wani tsoho, abokin mahaifin nasa. Kowace ranar kasuwa tsohon nan yakan shigo da sandarsa, ya kwanta rub da ciki, ya leƙa tsakanin duwatsun da aka ɗora rumbun a kansu. In ya ga gara ta fara jan hanyarta ta laka, sai ya kankare, ya sa a barbaɗa toka.

Yakan ce, "Ɗana, kai ta sama kake ɗiba, saman kuwa kullum lafiya lau yake. Gara ta ƙasa take shiga."

Shekara bakwai ana haka, yunwa ba ta taɓa shiga gidan ba. Manomin ya yi ƙarfi, har mutane suka fara zuwa neman shawara wurinsa. Ran nan yana zaune da baƙi, sai tsohon ya miƙe daga gindin rumbu, riga duk ƙasa, ya ce, "Ɗana, ka yi sakaci. Ga ta nan ta fara hawa."

Maganar ta yi wa manomin zafi, gama a gaban mutane aka faɗe ta. Kashegari ya kewaye rumbun da darni, ya sa ƙofa. Ya ce wa matarsa, "In Baba ya zo, ki ba shi ruwa ya sha, ki ce mun gode. Ni zan riƙa dubawa."

Matar ta ce, "Maigida, ka taɓa kwanciya a ƙasa ka duba?"

Ya ce, "Ke dai ki faɗa masa."

Bai kuwa duba ba ko sau ɗaya. Ina mutumin da ake durƙusa wa a gaishe shi zai kwanta rub da ciki? Tsohon ya zo sau uku, aka ba shi ruwa, ya koma gida.

Da ruwan fari ya sauka, manomin ya hau tsani don ya ɗebo iri, wanda ya ajiye can ƙasan rumbu. Ya ɗaga dammunan sama, ya zura hannu, sai ya ji laka da ƙaiƙayi. Iri ya tafi, abincin damina ma ya tafi.

Ya je gidan tsohon, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Baba, rumbu ya ƙare. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Tsohon ya ce, "Na zo sau uku, ɗana. Ruwa aka ba ni."

Tsohon ya ɗebo masa ɗan irin da ya rage masa a ƙwarya, amma irin bai isa shuka ko kwatan gonar ba. A daminar nan 'ya'yan manomin sau ɗaya suke cin abinci a yini.

Ma'anar wannan misali ita ce: rumbun zuciyarka ce, hatsin kuwa bangaskiyarka. Gara ita ce zunubin da ke shiga ta inda ba ka dubawa, kamar ɗacin rai, da girman kai, da barin addu'a. Tsohon shi ne wanda ya riga ka bin Almasihu, wanda Ubangiji ya ba ka don ya tambaye ka abin da ba ka son a tambaya.

'Yan'uwa, abin yana damuna ƙwarai. Na ga masu bi da yawa a ikkilisiya waɗanda saman rumbunsu ba shi da aibi: suna zuwa sujada, suna waƙa, har suna koyar da waɗansu. Ba su yi faɗa da iyayensu na bangaskiya ba. Suna gaishe su da ladabi, sun dai daina barinsu su leƙa ƙasa. Ranar da gwaji ya zo suka zura hannu, ba su sami kome ba.

Ka tambayi kanka yau: wa kake ba ruwa a bakin ƙofa? Je ka buɗe masa darnin tun ruwan fari bai sauka ba.