Aikin Yini Ɗaya

Akwai wani dattijo a Gaya, Alhaji Maiwada, wanda in kana son ganin ɓacin ransa to ka kira shi Honarabul. Samarin siyasa na yanzu sukan faɗa don girmamawa, sai ka ga ya sunkuyar da kai ya daina magana. Ni ma na daɗe ina ɗauka tsufa ne, sai da na ji labarin.

Da ƙuruciyarsa an zaɓe shi ɗan majalisar wakilai, lokacin majalisar tana Legas. Jam'iyyarsa ba ta isa ta ci ita kaɗai ba, sai da ta yi haɗaka da wata. A ƙauyen Balan kuwa, cikin mazaɓarsa, mutanen waccan jam'iyyar ba sa ƙaunarsa ko kaɗan. Wata mata, Gaji, ita ta bi gida-gida tana cewa, "Tunda shugabanni sun haɗa kai, mu ma mu ba yaron nan ƙuri'a."

Ranar da ya je Balan sallama kafin ya tafi Legas, kowa da buƙatarsa. Wannan aiki, wancan taki. Gaji ta ja shi gefe ta nuna masa wata tsohuwar rijiya a hanyar masallaci, wadda ruwan damina ya zubar da bakinta.

"Ɗana, ni ba na son komai. A ɗaga bakin rijiyar nan kawai. Malam Tukur idonsa ya yi yana, da sanda yake lalube, kuma sau biyar yake bi ta nan kullum."

Malam Tukur mijinta ne. Yana zaune a gindin darbejiya, sandarsa a cinya.

Maiwada ya yi dariya. "Haba Inna, rijiya? Shekara huɗu fa gare mu! Famfo zan kawo muku. Bari dai mu zauna tukuna."

"To, Allah ya nuna mana," in ji ta.

Da ya isa Legas, ina! Jam'iyyun haɗakar suka kaure da rigima kan rabon kwamitoci. Kowa yana cewa nasa ne babban. Maiwada ya sa ransa a shugabancin kwamitin ruwa, yau taro a otal, gobe taro a gidan wane. Sau biyu Gaji ta aiko da saƙo ta hannun wani direban babbar mota. Amsarsa ɗaya ce: "A gaya mata in na samu kwamitin, magana ta ƙare."

Jama'a, wata uku kacal majalisar ta yi. Wata safiya aka kunna rediyo, sai muryar soja. Ba majalisa, ba kwamiti, ba haɗaka. Kowa ya kama hanyar garinsu.

Bayan kwana biyu da dawowarsa ya leƙa Balan, yana tsammanin za a yi masa jaje. Sai ya tarar da tabarmi a ƙofar gidan Gaji. Ranar sadakar uku ce.

Malam Tukur ya fita sallar la'asar, ƙasar bakin rijiyar ta zame da shi. Sandarsa aka gani a gefe, ita ta nuna inda yake.

Wallahi Gaji ba ta zage shi ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ruwa ta sa aka kawo masa, ta amsa gaisuwarsa, ta ce, "Ka sha hanya."

Washegari da sassafe Maiwada ya dawo da magini ɗaya da buhun siminti biyu. Ya tuɓe babbar riga, shi da kansa yake kwaɓa ƙasa. Kafin la'asar bakin rijiya ya kai ƙugun mutum, har da murfi.

Gaji ta leƙo daga zaure cikin mayafin takaba. Ta daɗe tana kallon ginin, sannan ta dube shi.

"Ashe aikin yini ɗaya ne, Maiwada?"

Ta juya ta koma ciki.

Yau sama da shekara arba'in ke nan. Gaji ta rasu tuntuni. Maiwada ya gina bakin rijiyoyi a Kademi, da Gafasa, da ƙauyukan da shi kansa ya manta sunansu, kuma bai sake tsayawa takara ba. Amma jikarsa Afra'u ta ce har gobe, in yana zaune a zaure da la'asar sakaliya, sai ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru.

"Kin ji? Ƙarar sanda ce. Ga ta nan tana nufar rijiya."

Sai ta leƙa waje ta ce, "Alhaji, babu kowa."

Shi kuwa sai ya ce, "Na sani. Ai ya riga ya wuce."

Darasi: Kujera ba ta gaya maka ranar da za ka sauka. Alherin da za ka iya yi yau da hannunka, kada ka ajiye shi sai ka samu babban muƙami, domin mai jiran ba lallai ya kai goben da kake lissafi ba. Ka tura wa duk wanda ka san akwai wani da ke jiran alƙawarinsa.