Gishirin Inna Aiti

Akwai wani ɗan majalisar lardi a nan Nepal mai suna Dambar Pulami, wanda aka san shi da abu biyu: fara'a da ci. Gajere ne mai tumbi, ba ya faɗa da kowa, ba ya riƙe kowa a rai. Idan muhawara ta yi zafi a zauren majalisa, shi gyangyaɗinsa yake yi. Amma a buɗe tukunya ko a ƙarshen ginin ne, sai ka ga ya farka garau.

Shi aka ba shugabancin kwamitin da ke sa ido a kan yadda gwamnati ke binciken safarar 'yan mata zuwa gidajen karuwai a ƙetaren iyaka. Kada ku ɗauka ƙwazonsa aka gani. Manya ne suka duba suka ga wannan ba zai tayar wa kowa da hankali ba.

Kuma bai tayar ɗin ba. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu: wanda ka ci gishirinsa ba ka ɗaga masa murya, ba ka kunyata shi a gaban jama'a. Jami'an gundumomi sun san haka sarai. Kwamiti na sauka, sai a rataya musu furanni a wuya har su rufe kunne, a yanka taure, a tula shinkafa da miyar wake. Kafin a wanke hannu, tambayoyin da aka zo da su sun narke. Sai a koma birni a rubuta cewa bincike na tafiya daidai.

Abin yana ci wa Menuka rai. Ita ce ƙarama a kwamitin, kuma bakinta ba ya shiru.

"Yaya Dambar, wai mu kwamitin sa ido ne ko na ɗanɗana miya?"

"Ƙanwata, ni idona ba ya buɗewa sai cikina ya cika."

"Ai in ya cika ma rufewa yake yi!"

Sai ya kwashe da dariya har tumbinsa na rawa.

Wata damina suka nufi wata gunduma ta bakin iyaka, inda Sufuritanda Kedar ke shugabancin 'yan sanda. Kowa ya san babu mai gasa taure kamar mutanen Kedar, don haka Dambar ya ƙi karya kumallo, yana tanadin ciki.

Suna tsakiyar duwatsu ƙasa ta zaftare ta toshe hanya. Motoci suka yi layi, rana ta yi tsaka har ta karkata, masu gyara ba su gama ba. Yunwa ta kama Dambar har yana ganin duhu-duhu. Ya tuɓe kwat da hula ya bari a mota, ya naɗe ƙafar wando, ya taka taɓo zuwa wata 'yar rumfar shayi a gefen hanya.

Wata tsohuwa ce a ciki, ana kiranta Inna Aiti. Matafiya sun riga sun saye duk abin da take da shi.

"Inna, ko ƙanzo ne a taimaka min, zan faɗi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da wannan cikin ne za ka faɗi? Zauna dai, ɗana."

Ta jawo masarar da ta ajiye wa kanta, ta gasa, ta daka gishiri da barkono a kan dutse ta miƙa masa. Da ya sa hannu a aljihu sai ta harare shi.

"Mayar da hannunka. Wannan ba na sayarwa ba ne, abincina ne."

Ya ci kamar bai taɓa ganin masara ba. Yana ci yana yaba dakan gishirin.

"Ai ba ka ci komai ba," in ji ta. "Da jikata Junu ce ta daka, da har yatsunka ka lashe."

"Tana ina?"

Tsohuwar ta juya garwashi. Can ta ba shi labari. Wani mutum ne mai tsaf-tsaf ya riƙa tsayawa shan shayi, ya ce zai samo wa Junu aiki a shagon gyaran gashi a birni. Tun da suka tafi, sau ɗaya yarinyar ta kira. Kuka take yi, ta ce an ƙetare da ita iyaka, sai wayar ta katse. Inna Aiti ta yi ta zarya wurin 'yan sanda, daga ƙarshe suka ce Junu ba yarinya ba ce, da ƙafarta ta tafi, an rufe magana.

"An ce yau manya za su zo daga majalisa su tambayi 'yan sanda," ta ce. "Amma kullum zuwa suke, su ci nama su koma. Akwai ma wani a cikinsu, an ce shi kaɗai yake tashi da cinyar taure."

Dambar ya shanye tumbinsa iya yadda zai iya. Kunya ta rufe shi, ga totuwar masara a hannunsa ya riga ya gwaguye ta tas. Bai gaya mata ko shi wane ne ba. Godiya kawai ya yi, ya koma mota.

Da la'asar suka isa. An jera 'yan sanda, an rataya furanni, an shimfiɗa abinci a farfajiya. Ƙamshin naman ya daki hancin Dambar. Sufuritanda Kedar da kansa ya ɗauko cinyar ya ajiye a gabansa.

Dambar ya haɗiye yawu. Ya kalli naman, ya sake kallonsa. Sannan ya tura farantin gefe.

"Ranka ya daɗe, ko jikin ne?" in ji Kedar.

"Lafiyata ƙalau, Yallaɓai. Na riga na ci gishirin wata a hanya, har yanzu yana bakina. In na ɗora naka a kai, dole in ci amanar ɗayanku. Mu shiga ofis tukuna."

Menuka ta saki baki tana kallonsa. Sai ita ma ta ture nata farantin da sauri, kafin ya canza shawara. Sauran 'yan kwamitin suka miƙe suna waiwayen nama.

A ofis Dambar bai yi tsawa ba, don bai ma iya ba. Da murmushinsa ya tambayi maganar Junu.

Kedar ya ce, "Wannan an gama da ita, ranka ya daɗe. Da son ranta ta tafi."

"Madalla. Wa ya ji haka daga bakinta?"

"An tabbatar mana."

"Wa ya tabbatar?"

Kedar ya gyara zama. "Mutumin da ya samo mata aikin."

"Af! Wato wanda ake zargi kuka tambaya, ya ce bai yi ba, kuka ce masa a sauka lafiya?"

Da Menuka ta ci gaba da tambaya, sai ga shi ba Junu kaɗai ba ce. An rufe maganar 'yan mata da dama da wannan amsar, kuma ba wanda ya taɓa taka ƙafa ya neme su.

Da suka koma birni, Dambar ya ƙi sa hannu a rahoton yabon da aka saba. Ya sa kwamiti ya kira ministan da 'yan sanda ke ƙarƙashinsa ya zo ya yi bayani. Minista ya aiko da gayyatar liyafa a gidansa, wai a tattauna a natse. Dambar ya ce a gode masa, a zauren kwamiti yake jiransa.

Tun daga ranar ya daina cin abincin duk wani jami'in da kwamitinsa ke bincika. Matarsa ke zuba masa tuwon tamba da miyar ganye a ɗan kwano, ya zo da shi a jaka. Abokan aiki suka samu abin tsokana.

"Dambar, wandonka zai faɗi fa!"

"Ku bar wandon, ya daɗe yana shan wahala," in ji Dambar.

Minista ya yi ta kawo uzuri: yau tafiya, gobe mura. Dambar bai yi fushi ba, bai kuma gaji ba. Duk zaman kwamiti sai ya sa a ajiye kujerar minista, a kira sunansa a gaban 'yan jarida, a jira. Kujerar da ba kowa a kanta ta fara fitowa a jaridu, har minista ya ga zuwan ya fi masa sauƙi.

Ya zo, ya sha tambayoyi har ya jiƙe da gumi. Kafin ya fita sai da ya amince a sake buɗe duk binciken, a ba sababbin jami'ai, kuma su riƙa zuwa gaban kwamiti suna faɗin inda aka kwana. Aka ɗauke Kedar daga gundumar, aka kama mutumin mai tsaf-tsaf.

Bayan sanyi ya wuce, jami'an da takwarorinsu na ƙetare suka fito da 'yan mata daga wasu gidaje. Ba duka aka samu ba, kuma wannan yana damun Dambar har yau, shi ya sa kwamitin bai rufe maganar ba. Amma Junu na cikin waɗanda suka dawo.

Sai dai wani labari ya iso masa da ya ɓata masa rai. Mutanen ƙauyen sun daina shan shayi a rumfar Inna Aiti. Wai ba za su karɓi ko ruwa daga hannun wadda ta dawo daga irin wancan wuri ba. Yarinyar da aka zalunta, ita aka mayar mai laifi.

Dambar ya aika wa dagacin ƙauyen cewa kwamiti na tafe. Gari ya ɗauka, aka yanka taure, aka kawo makaɗa. Ranar da ya sauka aka rataya masa furanni, dagaci na nuna masa inda aka shimfiɗa abinci. Shi kuwa ya wuce kai tsaye zuwa rumfar shayi, jama'a na biye da shi.

Inna Aiti ta ƙura masa ido. "Kai ne na ranar zaftarewar ƙasa? Ina cikin ya tafi?"

"Inna, ni ne mai tashi da cinyar tauren nan da kika ba ni labari."

Tsohuwar ta dafe kai, ta rasa inda za ta sa kanta. Shi kuwa ya zauna a benci yana dariya.

"Kin ce in Junu ta daka gishiri har yatsu ake lashewa. Na zo in gani."

Junu na can lungu, ta rufe fuska da gyale. Da ƙyar kakarta ta lallashe ta ta fito. Ta gasa masara, ta daka gishiri da barkono, ta zuba shayi. Ta zo za ta ajiye a ƙasa, yadda ta saba tun dawowarta.

"A'a, 'yata. Miƙo min a hannu."

Ya karɓa da hannu biyu a gaban kowa. Ya ci, ya sha, ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Menuka ma ta miƙa hannu ta karɓi nata. Sannan Dambar ya juya wurin dagaci.

"Baba, baƙonka zai ci shi kaɗai kana tsaye?"

Dagaci ya dubi jama'a. Babban baƙo ya ci, wa zai ce shi ya fi ƙarfin ci? Ya zauna ya karɓi kofi daga hannun Junu. Kafin wani lokaci benci ya cika, har ana aron kofuna a maƙwabta.

Junu ta dubi Dambar a karo na farko, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba, gishirin ya ji?"

"Ban tabbatar ba tukuna," in ji shi, yana miƙa mata farantin. "Ƙaro min in sake dubawa."

Sai yarinyar ta yi dariya. Inna Aiti ta juya baya tana share hawaye, don rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin a tafi da ita.

Darasi: Idan an ba ka amanar sa ido a kan masu iko, ka kula da hannun da kake karɓar abinci daga gare shi, domin bakin da aka cika ba ya iya tambaya. Kada kuma ka raina ɗan alherin da za ka yi wa baƙo, masarar Inna Aiti ce ta dawo mata da jikarta. Wadda aka yi safararta ba ita ce mai laifi ba, a karɓe ta hannu biyu. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wakilan da kuka zaɓa.