Barmo da Ɓaunar Tafki

Tun ba a sari itace ko ɗaya ba a dajin da yau ake kira Kwarin Barmo, wani maharbi mai suna Barmo ya jawo gida tara daga arewa, bayan fari ya cinye musu gonaki. Suka sauka kusa da wani tafki. Sai dai ruwan da mai shi: wata tsohuwar ɓauna, wadda aka ce zuma ta yi saƙa tsakanin ƙahonninta. Wanda ya je ɗiba kan dawo ba tulu, in ma ya dawo.

Barmo a lokacin ya haura sittin. Gwiwa ta gaji, idon dama ya yi yana, kuma ya san haka sarai. Yayarsa Gwamma ta ce a haƙa rami a hanyar dabbar, a rufe da kara, a jira. Har ya yarda.

Sai ga Nomau, mutumin da bai taɓa ɗana baka ba, amma cinyar kowace barewa a tukunyarsa take ƙarewa. Ya tsaya gaban jama'a ya ɗaga murya:

"Rami? Barmo na Gwamma, kibiya ɗaya gawa biyu! Kai da ke hango ƙwarƙwata a jikin shaho yana sama! Rami ai aikin ragwaye ne, maigida."

Gwamma ta ce, "Nomau, jiya jiyan nan ya yi wa kututture sallama. Kana tsaye."

"Kututturen ne ya yi kama da mutum, Yaya."

Barmo bai yarda da ko kalma ɗaya ba. To amma haka bambaɗanci yake. Kirari kan faɗi abin da mutum ya yi ne. Bambaɗanci kuwa sai ya ɗora masa abin da ba zai iya ba, a bainar jama'a, ya bar shi da kayan. Maza sun riga sun zuba masa ido, da wane baki zai ce ya tsufa? Ya yi ajiyar zuciya, ya rataya kwarinsa.

Da hantsi ya tarar da ɓaunar a bakin ruwa. Ya saki kibiya, ta kafe a jikin wata kanya. Ɓauna ta ɗauke shi ta maka da ƙasa, ƙugu ya karye. Nomau, da ya rantse zai tsaya a bayansa, tuni ya kai gida. Mata ne suka jawo Barmo a kan tabarma.

Ramin dai shi aka haƙa. Kwana bakwai ana tono, yara na shan ruwan kududdufi. A na takwas ɓauna ta rufta, aka sami tafki.

Nomau ya zo dubiya, ya durƙusa ya soma, "Ai ko zaki ne..."

Barmo ya ce, "Ya isa haka. Daga yau, duk wanda ya zuga wani, shi zai shige gaba."

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, bai ƙara miƙewa tsaye ba.

Har gobe a garin, in ka ce wa mutum babu rijiyar da za ta gagare shi, ba mai yi maka musu. Dagi za a miƙo maka, a nuna maka inda za ka fara. Shi ya sa maroƙa kan sha ruwa a Kwarin Barmo, su wuce gaba.