Sallau Fasinja da Takwara Ɗaya

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A wata unguwa cikin birnin Kano akwai wani matuƙin a-daidaita-sahu mai suna Sallau. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: bai yarda a wuce shi ba. Ko mai keke ne ya sha gabansa a titi, sai ya murɗa hannu ya rama. Da teɓa ta fara fito masa ya shiga motsa jiki da safe, gudu ya yi masa daɗi, har ya ba da sunansa a gasar gudun fanfalaki da ake yi duk shekara, mai nisan kilomita arba'in da biyu. Ƙa'idar gasar kuwa, in lokacin da aka ɗiba ya cika sai a buɗe wa motoci hanya, wata bas ta biyo baya tana kwashe waɗanda ba su kai ba.

To, hali zanen dutse. Ana hura usur Sallau ya fita kamar akuyar da ta tsinke igiya, duk wanda ya gifta shi sai ya bi shi. Kafin rabin hanya numfashi ya ƙare, bas ta kawo shi. Shekara ta zagayo aka maimaita. Iro, abokin sana'arsa a tasha, wanda shi ma yana gudun kuma yana gamawa da wuri, shi ne ya nuna shi ya ce, ga direban da ya koma fasinja. Shi ke nan, suna ya kama. Sallau yakan yi dariya a gaban mutane, amma abin yana cin sa a rai.

Ana haka matarsa Saude ta sami ciki, bayan sun daɗe suna roƙon Allah. Wata rana ya dawo gida ya ji wata maƙwabciya tana tsokanarta, wai yaushe ɗan Fasinja zai sauka. Ya san unguwarsu sarai, da laƙabin uba ake kiran yaro har ya yi gemu. Washegari a tasha, a gaban shaidu, ya ce:

"A gasar bana da ƙafata zan shiga filin gamawa. Wanda duk ya yi sanadin cire mini sunan nan, in Allah ya ba ni namiji, takwaransa ne."

Na farko da ya kama hannunsa shi ne Malam Haladu, tsohon malamin wasanni da ya yi ritaya. Ya kalli gudun Sallau sau ɗaya ya ce ƙafa akwai ta, haƙuri ne babu. Dokarsa guda ce: bayan sallar asuba shi zai hau kekensa, Sallau ya bi gefensa da gudu yana ba shi labari, kuma da zarar haki ya katse labarin, to ya yi sauri ke nan, a rage. Haka Sallau ya ba da labarin duk fasinjan da ya taɓa ɗauka, mai rowa da mai rigima da wadda ta shigo da tunkiya. 'Yan makaranta suna wuce shi, masu tallar koko suna wuce shi, zuciyarsa tana tafasa, Malam yana cewa ci gaba, ina muka tsaya da mai tunkiya? Rana guda a mako kawai yake sakinsa ya yi gudun tsiya a fili. Ranar Lahadi kuma su yi nisa, kowane mako a ƙara kaɗan. Da watanni suka ja, Sallau ya ga abin mamaki: gudun da a da yake sa shi haki, yanzu a cikinsa yake hira. Ba don Malam Haladu ba, da bai san cewa a hankali ake koyon sauri ba.

Na biyu shi ne Tanko mai ɗori. Gasa ta matso, Sallau ya ji ƙarfi ya zo, sai tsohon hali ya motsa. Ya riƙa satar fita da yamma yana ƙara gudu ba da sanin Malam ba, har ya taka ramin kwata ya yi targaɗe. Idon sawu ya kumbura suntum. Tanko ya ja, ya gyara, ya ɗaure, ya ce hutu. Da ya dubi idon Sallau ya gane ba mai hutawa ba ne, sai ya sunkuya ya ɗauki takalmin gudunsa wari ɗaya ya jefa a aljihun babbar riga ya tafi da shi. Sallau ya yi magiya, ya yi fushi, ya aika Saude, Tanko ya ce ko liman aka aiko ba zai bayar ba. Da Sallau ya yi barazanar sayen sabo, Tanko ya ce bismilla, sabon takalmi ranar gasa shi da kansa zai kai shi cikin bas. Kullum yana zuwa yana murza ƙafar, sai da kumburi ya saɓe ya bar shi ya ɗan taka, ana jibi gasa ya mayar masa da warin takalminsa. Sallau ya ji ƙafafunsa sakayau kamar ba nasa ba. Ba don Tanko ba, da ko wurin tashi bai je ba.

Na uku, kada ku yi mamaki, Iro ne, mai raɗa sunan. A wannan shekarar Iro ya yi shiri sosai, kowa na sa masa ran shiga sahun gaba. Ranar gasa sai ga shi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Sallau. Aka hura usur, jama'a suka yi gaba, jinin Sallau ya hau, duk karatun Malam ya bi iska. Zai zabura ke nan ya ji an riƙe masa riga ta baya. Iro ne, yana tambayarsa labarin mai tunkiya. Haka ya danne shi har suka wuce rabin hanya, suna tsintar waɗanda suka wuce su ɗazu. Can wajen kilomita talatin ƙafafun Sallau suka yi nauyi, ya fara waiwaye yana neman bas, har ya ji a ransa kujerarta ba laifi. Iro bai lallashe shi ba, ya san mutuminsa. Sai ya yi ƙarar odar mota da baki ya ce:

"Fasinja, ba ni hanya."

Ya sha gabansa da taku biyu, ya ƙi ƙarawa, ya ƙi ragewa. Sallau ya ji abin nan da yake ji a titi. Ya bi, Iro ya ɗan ja, ya bi, har suka shiga filin gamawa bas ba ta ko taso ba. Iro ya rasa sahun gaban da ya yi shekara yana wa wahala. Ba don shi ba, da Sallau ya sake shiga mota.

Daga ranar ba a ƙara jin Fasinja a bakin kowa ba. Ba a jima ba Saude ta sauka lafiya, namiji.

Safiyar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Ga Malam Haladu ya jingine kekensa, ga Tanko da babbar rigarsa, ga Iro yana murmushi, kowannensu ya ji alkawarin da aka yi a tasha. Sallau ya dube su, ya ji ƙaunarsu duka ta cika masa zuciya, amma yaro ɗaya ne, suna ɗaya ne. Rago yana ɗaure, maroƙi ya gyara murya, liman ya karkato kunne yana jira.

To, jama'a, ku taimaki Sallau. Wanda ya koya masa haƙuri, ko wanda ya ƙwace takalmi ya ceci ƙafa, ko wanda ya sa masa sunan kuma ya bar tasa nasarar ya cire masa shi: sunan wa zai raɗa wa liman?